Ruwan da Ke Jan Ƙafar Inna

Wata safiyar Asabar a daminar 1998, a gidanmu na Damba cikin Gusau, hitarmu ta ɗumama ruwa ta fara ja na. An kawo wuta da hantsi, na ruga na cika bokitin roba, na jefa ta ciki don in ɗumama wa Inna, kakata ta wajen uba, ruwan gasa ƙafa. Da na tsoma yatsa in ji ko ya yi, sai wani abu ya fizge ni har gwiwar hannu, kamar cinnaku sun taru sun cije ni. Na yi baya ina yarfe hannu. Inna na zaune kan kujerarta ta katako, ta ce in matso mata da bokitin. Ta sa tafin ƙafa a hankali, ta lumshe ido, ta daɗe haka. Sannan ta ce, "Ke ɗiyar nan, ai wannan shi ne maganin. Har cikin ƙashi nike jin shi."

Bayan babbar sallah Baba ya ɗauko ta daga Bungudu, saboda sanyin ƙashi ya cinye mata gwiwoyi. Ta baro awakinta, da 'yar gonar gyaɗarta ta bayan gari, da rumbun da ba ta yarda kowa ya leƙa sai ita. Duk wannan ban taɓa jin ta yi kukansa ba. Abin da ke cin ranta shi ne sallah a zaune. Matar da tun tana budurwa take kai goshinta ƙasa, yanzu sai dai ta miƙe ƙafafu kan buzu ta riƙa sunkuyar da kai. Burinta ɗaya ne, kuma kullum sai ta faɗe shi: kafin azumi ya kama, ta tsaya da ƙafafunta ta yi sallah kamar kowa.

Ita kuwa hitar, ai ta daɗe da mutuwa, mu ne dai ba mu yarda ba. Tun muna Sakkwato Baba ya saye ta. Murɗaɗɗen ƙarfenta ya yi farin gamsakuka, tsatsa ta huda gefe guda, mariƙinta ya tsage an ɗaure shi da robar tayar keke. Ruwan da a da take tafasawa kafin in gama shara, yanzu sai na yi shara da wanke-wanke bai wuce ɗumi ba. Wayarta takan yi zafi tana warin ƙuna. Amma gidanmu ba a yar da abu muddin yana motsi, ɗaurewa ake yi a ci gaba. Inna ta ja kunnena cewa kada in kuskura in faɗa wa Baba zancen jan nan, don ta san jefar da ita zai yi. Ta ba ni ƙuli-ƙuli guda uku, na rantse. Wallahi daɗi na ji, ni kaɗai cikin jikoki aka ba sirri.

Haka muka yi sati uku. Da zarar an kawo wuta kuma Baba ya fita, sai in jona mata, ta jiƙa ƙafafu hitar na ciki. Ɗumin ruwan ne ko ƙarfin zuciya, oho, amma wata la'asar ta dafa bango ta yi raka'a ɗaya a tsaye. Ta yi ta dariya da hawaye, tana ce mini likitarta. Ni ma kaina ya kumbura, har a makaranta na ce wa ƙawayena na iya magani.

Ranar da abin ya faru, Umma ta tafi bikin suna a Tsafe. Bokitin roba ya fashe, sai na ɗauko daron ƙarfe na wanki. An sha ruwan sama da asuba, simintin baranda jiƙe yake sharkaf. Na jona, na aje wa Inna daron a gaba, na fice zaure inda ake carafke, don ranar ni ke cinye kowa. Ban kai wasa na uku ba na ji ƙarar daro. Na tarar wuta ta jefar da ita a ƙasa, can nesa da kujera, ruwa ya malale. Maƙwabcinmu ne ya kashe wutar daga mita. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Da Baba ya tambaye ta a asibiti, cewa ta yi santsi ne ya kwashe ta, ko kallona ba ta yi ba. Ni na kasa riƙewa, na faɗi komai. Bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya kai hitar wajen mai gyaran rediyo, mutumin ya juya ta sau ɗaya ya ce wannan tun bara ya kamata a jefar. Baba ya dawo ya zauna a zaure har magariba yana kallon ɗaurin robar da ya yi wa mariƙin hitar da hannunsa.

Inna ta roƙa a mai da ita Bungudu. Azumin ya same ta a kwance, tana sallah da nunin kai, kuma ba ta ga ƙarshensa ba.

Yau a gidana hitar bango ce, kuma da na ga ɗigon tsatsa ko na ji ta fara jinkiri, sai in sa a cire ta. 'Ya'yana suna mini tsiya wai ina yar da abu da ransa. Ina ƙyale su su yi dariyarsu, don ba su san tsohuwar da har yanzu nake marmarin jin ta kira ni ba. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, na ɗauka riƙe mata sirri shi ne son ta.