Kociyan da Ba Ya Ɗaga Murya

A wani fili a unguwar Waziriyya, can ƙasar Larabawa, ake wasan ƙwallon ƙafa na sili ɗaya ƙwale tsakanin kwalejoji biyu, wanda aka ci sai gida. Kociyan masu jar riga, wanda 'yan kallo ke kira Isha'aku, muryarsa har ta dushe. "Yalla, Turki, ruga mana, don ubanka!" Yana dukan shinge, yana jifa da gorar ruwa. Kowa shi yake kallo.

Ni ɗaya kociyan nake kallo, wanda ban san sunansa ba. Siriri ne, farar jallabiyarsa ko gumi babu, asuwaki a baki, yana tsaye kamar mai jiran mota. In ya taka, ƙafar hagu tana ɗingishi. Ina zaton a fili irin wannan wani ya taɓa karya masa ita, alkalin wasa ko busa bai yi ba.

Turki, ɗan wasan Isha'aku, ya sake yanke 'yan bayan siririn kociyan. Mutumin ya zare asuwakin, ya kalli wani ƙato mai tsaron baya, ya ƙwanƙwasa nasa ƙwaurin da asuwakin, ya yi masa alama. Da ƙwallo ta dawo wa Turki, ƙaton ya afka masa da ƙafa biyu.

Har inda nake na ji ƙarar ƙashi. Turki yana birgima, safarsa jina-jina. Isha'aku mai zagin nan ne ya sungume shi yana hawaye: "Halas, ya isa, ɗana, kar ka dubi ƙafar."

Siririn kociyan kuwa ya goge asuwakinsa a hannun riga, ya mayar baki.