Injin Malam Ishaku da Mai Sayen da Bai Taya Ba

Idan ka bar babban titi ka shiga layinmu a Kpakungu, a da kunnenka ne ke fara isa rumfar Malam Ishaku kafin ƙafarka. Injin niƙansa yana da kukan da kowa ya sani: ya yi tari, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya kama. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Na daɗe da daina jin ƙarar, sai ranar da ba a tayar ba nake jin wani abu ya ɓace.

Aikin reluwe ne ya kawo mahaifinsa Minna, suka zauna a Tudun Wada. Ishaku bai bi layin dogo ba. Ya fara da ɗaukar buhu a wurin wani mai niƙa, ya koyi ɗaura bel da kwance dutsen niƙa, har ya sayi nasa injin, na hannu, ya kawo shi Kpakungu lokacin rabin unguwar gonaki ne. Da injin nan ya auri Rahmatu, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Ba mai surutu ba ne, ƙara ta koya masa magana da hannu. Amma idan ya buɗe baki ya ce zai yi abu, to an gama. Mace kan ajiye masararta ta wuce kasuwa ba ta waiwaya ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ya riƙa zuba dawar wata a kan masarar wata, mata suna dariya. Ranar da hannun rigarsa ya taɓa bel, dariya ta ƙare. A asibiti aka ce za a iya cire yanar, aka ba shi rana, aka kuma ce ko an yi aikin ba zai koma cikin ƙurar gari ba. Malam Ishaku ba shi da gona, ba shi da fili. Abin da yake da shi wanda zai iya zama gani, injin nan ne kaɗai.

'Yarsa Na'ima, malamar firamare ce a Fadikpe, ita ta ɗauki hoton injin ta sa a shafin saye da sayarwa na intanet. Ta sa lambarsa, tunda shi ya san kayansa. Ta ja masa kunne kafin ta tafi.

"Baba, duk wanda ya ce ka karanto masa wata lamba da ta shigo wayarka, ka kashe kawai."

"Da wane idon zan karanto?" in ji shi.

Washegari saƙon murya ya shigo. Murya mai sanyi, da sallama cikakkiya, da tambayar iyali. Mutumin ya ce sunansa Alhaji Umar Faruk, yana Abuja, yana son injin don gonarsa. Ya ce kuɗin da aka sa ya yi masa daidai. Malam Ishaku ya ji daɗin ladabin, ya danna ya amsa: "Na sallama. Allah ya sa alheri."

Wanda bai tashi a kasuwa ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A wurin irin su Ishaku, mai saye yana tayawa, mai kaya yana cewa albarka, ana ja har a daidaita. Amma da zarar ka ce ka sallama, kayan sun bar hannunka, ko da wani ya zo da ninkin kuɗin.

Da hantsi sai ga Dorothy, wadda muke kira Maman Caleb. Mutuniyar Gbagyi ce, mai sayar da kunu da koko, kuma babu wanda ya kai ta daɗewa yana niƙa a rumfar. Ta dire bokitinta da ƙarfi.

"Baba, haka ake yi? Ka sa inji a waya, ni da nake gabanka kullum ba ka gaya mini ba? Ni ina so!"

"Kin makara, Maman Caleb. Na sallama."

"Wa ka sallama wa? Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"Shi ya ga inji?"

"Ya ga hoto."

"Hoto yana niƙa?" Ta ɗauki bokitinta ta tafi tana faɗa da yarensu.

Bayan la'asar ya same ni a benci. Ya zauna ya daɗe yana juya wayar a hannu. Can ya ce akwai abin da ke damunsa: ya sallama bai faɗi aibin kaya ba, kuma shi ba a koya masa ciniki haka ba. Wanda ya sayar masa da injin tun farko sai da ya kama yatsansa ya ɗora a kan kowace matsala.

Ya danna wayar ya yi magana a hankali. Ya ce injin yana ɗigar baƙin mai. Ya ce da damina bel yana sulɓewa. Ya ce akwai inda ya taɓa tsagewa aka yi walda, kuma da safe sai an lallashe shi kafin ya tashi. Bai ɓoye komai ba.

Ko wayar bai ajiye ba amsa ta shigo. "Ba komai, Baba, Allah ya saka da alheri. Direba na nan zuwa gobe."

Ya sake kunna saƙon, ya kara a kunne.

"Maƙwabci, ka ji ya tambayi ta wane gefe aka yi waldar?"

Na ce ban ji ba.

"Ni ma ban ji ba. Ka ji ya ce a rage masa wani abu?"

Na ce a'a.

Ya ajiye wayar a kan benci. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, mutumin da zai ci abinci da inji idan ya ji an ambaci walda sai ya yi tambaya. Na ga ya riga ya kama hanya, kuma ba ya son a tura shi.

Da safe wayar ta yi ƙara. Rahmatu ta duba ta ce saƙon banki ne, ga sunan bankin, ga sunan Malam. Sai murya ta biyo baya: Alhaji ya ce ya tura kuɗin, har ya yi kuskure ya haɗa da na direba, don haka a cire wannan a ba direban a hannu. Ba a jima ba a-kori-kura ta tsaya a bakin rumfa. Direban mutum ne mai hankali, ya ce shi ma ta waya aka ɗauke shi a tasha, an ce ya kai kayan zuwa wata mahaɗa a kan hanyar Suleja, wani zai tare shi.

Maƙwabta suka taru. Wasu har sun naɗe hannun riga za su kama ɗauka. Malam Ishaku ya sa aka ba direba kujera da ruwa. Ya ce wa Rahmatu ta je wurin mai POS ta duba abin da ke cikin asusun da gaske, ba abin da waya ta ce ba. Ta tafi, ta daɗe, don ranar sabis yana wahala.

Ana cikin jira Alhaji ya kira. Sanyin muryar ya ragu.

"Baba, me ake jira? Ba kai ka ce ka sallama ba? Dattijo kamarka zai yi magana biyu?"

Na ga maganar ta same shi inda take nufi. Hannunsa ya lalubo sifanar da yake ɗaure inji da ita a kan benci, ya riƙe. Duk Kpakungu babu wanda ya taɓa ce masa mai magana biyu, ga shi an faɗa a gaban mutane, wayar kuma a buɗe. Ya daɗe riƙe da sifanar. Sannan ya mayar da ita inda take.

"Alhaji, na sallama, ban janye ba. Inji naka ne. Amma ba a ɗora inji a mota sai mai shi ya tayar da hannunsa ya ji kukansa. Haka aka yi mini, haka nake yi. Ka zo."

"Ina Abuja fa!"

"Abuja ba Makka ba ce. Ko da lalacewar hanya, wanda ya fito da safe, a Minna zai yi la'asar. Zan ajiye maka shi har Juma'a."

Aka kashe wayar daga can. Rahmatu ta dawo tana haki, ta ce babu abin da ya shigo, ko sisi. Direba ya cire hula ya riƙe kai, ya ce shi ma sai in ya kai kaya za a biya shi. Rahmatu ta zubo masa abinci, ya ci, ya ja motarsa babu kaya.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Maman Caleb ta dawo da yamma da murnarta, Malam ya ce mata sai bayan Juma'a.

"Ɓarawo kake jira, Baba?"

"Maganata nake jira."

"Kai, wannan tsoho! Ido yana tafiya, kai kana jiran magana!"

Na'ima ma ta zo ta yi nata faɗan, ta tuna masa ranar asibiti ta matso, idan ta wuce sai an sake bin layi. Ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta lafiyar yara. A kwanakin nan ban ga ya ci abinci sosai ba. Ni dai ban ce ya yi daidai ba, ban ce ya yi kuskure ba. Na san dai idan ya sayar kafin lokacin da ya yanka, ko idon ya buɗe akwai abin da ba zai so ya gani ba.

Da muka sauko daga masallacin Juma'a ya ba ni wayar ya ce in kira. Lambar a kashe. Ya ce in sake. A kashe. Ya juya wajen mutanen da ke zaune ya ce, "Ku shaida na jira." Sannan ya aika a kira Maman Caleb.

Ta zo da ƙanenta Irimiya, bakanike. Ba su gaisa da kyau ba suka hau injin. Irimiya ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya fito da baƙin mai a goshi. Ita da kanta ta kama hannun tayarwa ta juya, injin ya yi tarinsa ya ƙi. Ta juya ta kalli Malam.

"Wannan inji ya girme ni! Ina waldar da ake faɗa?"

Ya kama yatsanta ya ɗora a wurin. Ta ja tsaki, ta taya da abin da ko rabi bai kai ba.

"Albarka!" in ji Malam Ishaku.

Na daɗe ban ji ya ɗaga murya haka ba. Fuskarsa ta yi kamar ta mai buɗa baki bayan dogon azumi. Ta kushe bel, ya ce albarka. Ta kushe dutse, ta yi kamar za ta tafi, ta kai bakin layi ta dawo. Sai da inuwa ta juya suka daidaita, a ƙasa da abin da Alhajin waya ya amince da shi, amma ya isa asibiti. Na'ima ta duba asusun ta tabbatar, sannan aka kwance ƙusa ta farko.

An yi aikin a ranar da aka sa. Ido ɗaya aka fara, ɗayan yana jiran lokacinsa. Injin yanzu yana bayan gidan Maman Caleb, tsallaken layi, kuma har yau yana tarinsa kafin ya kama.

Jiya muna zaune a benci, yana gaya mini ashe furfurata ta yi yawa haka bai sani ba, sai ya tsaya ya karkata kai yana saurare.

"Ta matse bel ɗin nan da yawa," in ji shi.

Ya miƙe, ya bar sandar da yake lalube da ita a jingine, ya tsallaka kwata ba tare da ya laluba ba.