Curin da Ba a Damawa

Shekaru sun kwashe abubuwa da yawa daga kaina, har sai na jero sunan jika uku kafin in dace da wanda nake kira, amma akwai wani yini na hunturu a Madina da na san da shi za a binne ni. Lokacin ina da 'ya'ya biyu, muna haya a wani tsohon gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, a unguwar da faɗaɗa Harami ta cinye daga baya. Mijina yana aikin gini a Yanbu, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Ni kuma fura nake yi, ina sayar wa 'yan uwanmu Takari, wato Hausawa mazauna can, da alhazan da kewar gida ta kama. Ina da turmi, ina da ƙarfi, ina da rawar kai, kuma a ganina duk abin da ya shafi gari da ruwa babu mai koya mini.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata tsohuwa ne, mutuniyar ƙasar Sin. Hajja muke ce mata. Larabcinta a karye yake, nawa ma ba a miƙe yake ba, shi ya sa muka fi kowa fahimtar juna. A kudancin ƙasarsu aka haife ta, ta musulunta ta yi aure. Da mulki ya juya sai suka gudo da mijin, suka bar 'yarsu mai shekara huɗu wajen kakarta, da niyyar baɗi su koma su ɗauko ta. Shekara kusan talatin, baɗin nan ba ta zo ba. Mijin ya rasu yana kwance a Baƙi'a, wasiƙa kuma ba ta zuwa, ba ta tafiya.

Duk lokacin sanyi nakan ga Hajja tana leƙen inuwar katanga da azahar. Ranar da inuwar ta taɓa gindin randa, sai ta kira ni ta nuna wata shinkafa mai danƙo da ta samo wajen alhazan tsibirin Jawa, ta jiƙa ta tun jiya.

"Ya binti, 'yata, hannuna ya gaji. Ki daka mini."

Na daka na tankaɗe, har na ba ta ruwan zoɓo ta rina rabin ƙullin ya yi ja. Ta zauna tana curawa ƙanana ƙanana, farare da jajaye, ta jefa a tafasasshen ruwan citta da sukari. Ban tambaye ta na mene ne ba. Ni da na san komai, me zan tambaya?

Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ajiye kwano biyu. Ta nuna mini ɗaya ta ce in zauna a gabansa. Na duba, na ga curi babba fari, da ƙarami ja a jikinsa, da wasu suna yawo a ruwa. Ta juya ta shiga ɗauko shayi. Ni kuwa a raina na ce, kai, baiwar Allah, tsufa ya sa ta manta ba ta dama ba. Na kama cokali na juya bayansa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina murtsukewa a jikin kwano, har ina jin haushin danƙon da ya ƙi sakin cokali. Kafin ta fito na gama aikina tsaf, ina jiran yabo.

Butar shayin ba ta faɗi ba, a hankali ta ajiye ta. Ta durƙusa tana kallon kwanon.

"Laish, ya binti? Don me?"

"Hajja, ai damawa na yi. Haka muke yi wa fura."

Ta sa yatsa cikin kwanon tana lalube. Ta ce, "Babban ni ce. Ƙaramin ita ce." Sai ta fashe da kuka marar sauti, irin na wanda ya saba yin sa shi kaɗai.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ta ɗan lafa, ta yi mini bayani, rabi da baki rabi da hannu. Ta ce yau ce ranar da yini ya fi gajarta a shekara, kuma a ƙasarsu babbar rana ce, wasu ma sun fi girmama ta a kan sabuwar shekara. Sunan da ta faɗa, kunnena ya ji kamar dungji, wato isowar sanyi. Daga gobe haske zai fara ƙaruwa, don haka duk wanda ke nesa yana dawowa gida a ci wannan curin tare. Zagayensa shi ne iyali a haɗe babu tsaga. Wanda ya ci ya ƙara shekara ɗaya, wanda bai samu zuwa ba a ajiye masa kwanonsa. Kwanon da ta ba ni na 'yarta ne. Kowace shekara a gabanta yake hucewa, bana ne kawai ta so ta ga hannun mutum a kansa.

"Na san ba ibada ba ce," in ji ta. "Mijina ya sha faɗa mini. Amma shekara talatin ina cura shi, ban taɓa bari ya fashe ba."

Na ce, "Hajja, akwai saura?"

Akwai tafi ɗaya na jiƙaƙƙiyar shinkafa a ƙasan roba. Na dubi katanga, rana har ta fara zamewa, ga shi ta ce a cikin yinin ake ci. Wallahi ban taɓa daka irin na ranar ba. Ina daka ina hawaye, maƙwabciyarmu 'yar Chadi tana leƙowa tana tambayar wa ya mutu. Muka kwaɓa, na fara curawa, hannuna ya tafi inda ya saba. Hajja ta ɗaga nawa ta juya shi, ta ce, "Wannan na raƙumi ne?" Dariya ta ƙwace mata cikin majina. Ta kama tafina ta nuna mini yadda ake yi, ta cura babba, ta cura ƙarami. Sai ta gutsuro wani ƙullin ta ɗora mini a hannu.

"Ke fa? Wa kika bari?"

Na ce innata tana Gadarif, can Sudan, inda tafiyar iyayenmu daga Haɗeja ta tsaya da ita. Rabona da ita tun da aka kawo ni aure, shekara tara.

"Akwai jirgi?"

"Akwai, daga Jidda."

"An hana ki?"

"A'a. Muna dai cewa baɗi."

Ta dube ni da jajayen idanunta. Ta ce, "Baɗi. Ni ma haka na ce."

Ana kiran magariba muka haɗiye na ƙarshe, a dunƙule. Ba shi da wani daɗin a zo a gani, amma har yau idan na ji ƙanshin citta a ruwan zafi sai in tuna ranar nan.

A shekarar da alhazan Sin suka fara zuwa kuma, kullum nakan raka Hajja bakin Harami da ɗan hoton yarinya a hannunta. Ta tare wannan ta tare wancan. Yawancinsu 'yan arewacin ƙasar ne, ba su ma san garinta ba. Ta rasu lokacin zafi, tana jiran alhazan baɗi. Ni kuwa na tasa mijina a gaba har sai da ya sa ni a jirgi, na yi wata biyu a ɗakin innata, na dama mata fura da hannuna. Ba mu sake ganawa ba.

Yanzu duk tsakiyar hunturu nakan cura biyu, babba da ƙarami, jikokina suna tambayata da Larabci mene ne wannan. Ban san ko 'yar Hajja tana raye ba, ban san ko an taɓa gaya mata cewa a wani lungu na Madina ana ajiye mata kwano ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne in tambaya kafin in sa cokali a kwanon mutum, don ban san wa ya ajiye a ciki ba. Kuma duk wanda hanya ke buɗe tsakaninsa da nasa, kada ya ce baɗi.