Akuyar da Ta Daina Tuƙa

Abubuwa da yawa sun shige mini a zaman duniya, amma ranar da na cusa hannu cikin bakin bunsurun maƙwabta na kwaso abin da yake tuƙa, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A ƙarshen mulkin farar hula na jamhuriya ta biyu ne, lokacin da kaya suka yi wuya. Muna zaune a garin Shagari, maigidana yana ɗinki a bakin kasuwa. Ƙanwata da ke aure a Horo Birni ta rasu ta bar jaririya, aka kawo mini ita. Ni kuwa na daɗe da yaye autana, ba ni da ruwan nono. Madarar gwangwani ta ɓace daga kanti, ko ta fito ba irinmu ke sayenta ba. Abin da ya riƙe ran yarinyar nan shi ne jar akuyata. Kullum sai in tatsa, in tafasa kamar yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, in ba ta da cokali.

Da ruwan farko ya sauka, akuyar ta ci sabuwar ciyawa ta kama zawo. Maigidana ya sayo kafso, ja da rawayan nan da ake kasawa a faifai ranar kasuwa, ya riƙa ɓarewa cikin ruwa yana ɗura mata safe da yamma. A lokacin kowa haka yake yi, mutum da dabba duk maganinsu ke nan. Zawo ya tsaya, muka yi murna. Sai kuma ta ƙi cin komai. Harawa, dusa, ƙaiƙayi, ta sunsuna ta kau da kai. Ta daina tuƙa, hantsarta ta motse. Na koma ba yarinyar ruwan koko zalla, tana sha tana kuka, wuyanta yana ƙara tsawo.

Surukata ta dubi akuyar ta ce wa ɗanta, "Kira mahauci tun ba ta zama mushe ba."

Ni ba mai musu ba ce, amma ranar na durƙusa na ce, "Inna, ku yi mini haƙuri zuwa ranar kasuwa. In an yanka ta, naman kwana nawa zai yi? Ɗiyar ga fa?"

Ta ce, "To, Allah shi kai mu."

Akwai wani malamin dabbobi da ke zuwa daga Bodinga a kan babur ranar kasuwa. Maigidana ya roƙo shi ya biyo gida. Ya taɓa akuyar, ya buɗe bakinta, ya ce, "Mi kunka ba ta?" Aka nuna masa kafson. Bai yi faɗa ba. Ya ce in kara kunnena a cikinta ta ɓangaren hagu. Na kara, shiru. Ya sa aka jawo bunsurun maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Kajiji, ya ce in kara a nasa. Na daure da warin na kara, sai na ji cikin yana ruri kamar hadari na tasowa daga nesa.

"Kin ji masu aikin ke nan," in ji shi. Ya ce ba akuya ke narkar da ciyawa da kanta ba. A cikin tumbinta akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ke cin ciyawar, ita kuma ta rayu da abin da suka sarrafa. Kafson bai san na gida da baƙo ba, ya kashe masu sa zawo ya haɗa da su.

Abin ya ɗaure mini kai. Mu a aji ƙwayoyin cuta kawai aka faɗa mana, ban taɓa jin akwai waɗanda ake nema a rasa ba.

Surukata ta ce, "To a sawo mata wasu mana."

Ya yi dariya ya ce, "Ba a sai da su, Inna. Aro ake yi." Ya ce a jira bunsurun ya maido abinci baki, a ƙwace, a dama da ruwa mai ɗumi a ɗura wa akuyar kafin ya huce.

Na ce, "Malam, ɗan abin da zan ƙwato zai cika tumbi?"

Ya ce ba su da mace ba su da namiji, kowace ta ƙoshi sai ta rabu biyu, biyun su ma su rabu. Iri kawai ake bukata.

Maƙwabciyata ta ce ita ba ta hana ba, ta taɓa ganin kakarta ta yi wa maraƙi haka. "Amma aro anka ce, ko? To ina jiran biya."

Da la'asar bunsurun ya kwanta a inuwa. Maigidana ya tsuguna kusa da shi da tsumma a hanci. Muka zuba wa wuyansa ido har muka ga curin abincin ya hau, sai ya cafke maƙogwaron a hankali don kada ya haɗiye, ni kuma na zura yatsu. Ya datse ni da turamen haƙora, tabon yana nan har yau, amma na fito da abin, kore, da ɗumi, da wari. Na dama na ɗura mata. Haka muka yi ta yi 'yan kwanaki, har bunsurun in ya hango maigidana sai ya haye katanga.

Wata safiya ina shara na ga akuyar ta ja ganyen harawa. Da hantsi ta kwanta, na ajiye tsintsiya na zauna ina kallon wuyanta. Can sai ga curi ya hau, muƙamuƙinta ya fara juyawa. Na je na kara kunne, na ji rurin nan. Nonon bai dawo rana ɗaya ba, da cokali ya fara, amma ya dawo, yarinyar ta yi kumari. Yanzu 'ya'yanta suna kirana kaka. Ɗaya daga cikinsu ce ta karanta mini a littafin makarantarsu cewa irin halittun nan sun riga akuya da mutum zuwa duniya da nisa, kuma muna ɗauke da namu a hanji.

Bashin kuwa na biya. Bayan shekara tunkiyar maƙwabciyata ta kwanta, ta turo a ce mini lokaci ya yi, na ja jar akuyata na kai mata.

Har gobe ina tafasa ruwan sha, ban bar abin da aka koya mini ba. Amma tun daga ranar ban ƙara sayen kafso a faifai ba, kuma na koyi cewa kafin ka kori abu daga gidanka, ka fara tambaya ko shi ne yake ciyar da kai.