Irin Albasar Babanmu da Zumar Kamfani

Babanmu bai bar muna gona mai faɗi ba. Abin da ya bari iri ne na albasa, ja, ƙarama, mai yaji, wadda in ka zuba ta a rumbu takan kai ƙarshen damina ba ta ruɓe ba. A garinmu Magarya ba a sayar da iri. Wanda ya roƙa a ɗiba mashi, ranar da naka ya mutu shi ma ya ɗiba maka. Haka munka taras.

Da ruwan dam ɗin Goronyo ya kankama ta kanal, wani kamfani ya kama filin da ke jikin namu. Sunka zo da gaisuwa da goro, sunka roƙi iri. Yayana, wanda kowa mutumin kirki ne a idonai, ya cika musu ƙwarya.

Na ce, "Yaya, in naka ya mutu wa za ka bi? Kamfani na da ƙofar gida?"

Ya ce, "Kai dai tun kana yaro ko nono sai ka shinshina."

Rani ya zagayo, sai ga su sun dasa albasar iri, fili guda, wata fara-fara mai ƙaton kai da sunka ce sun gyara daga tamu da wata ta waje. Sunka jera amyar ƙudan zuma a bakin iyaka, daidai lokacin da albasar iri da ke fangalinmu na ban ruwa ke fure.

Na tahi ofishinsu kan rabon ruwa. Mai kula da kwamfutocinsu ɗan gidan malamai ne daga Rabah, tare munka yi firamare, shi ya wuce, ni na tsaya a hanya. Na taras da shi yana ta murna.

"Abokina, zo ka gani. Mun cire tsohuwar manhajar da ke tuƙa injinan nan duka, mun sa ta kyauta."

"Kyauta? Wa ya ba ku?"

"Mutane ne ko'ina a duniya sunka haɗu sunka gina ta. Kowa ya ɗauka, ya buɗe cikinta, ya gyara yadda ya so. Manyan kamfanoni duk can sunka koma."

"To ku mi kunka mayar musu?"

"In mun gyara wani abu, ana so mu mayar."

"Ana so. Kun mayar?"

Ya yi dariya ya ce har yanzu kaina bai yi laushi ba. Ni kuwa allon nake kallo. Sunan kamfanin ne ɓaro-ɓaro a kai, ban ga na mutanen duniya ba.

Na tambaye shi zancen amya. Bai ɓoye mani ba, wannan na shaide shi. Ya ce zuma na ɗaukar garin fure daga wannan kai zuwa wancan. A fure ɗaya gari iri-iri kan sauka, su yi ta tsere zuwa ciki, wanda ya riga isa shi ke da ɗa.

Na ce, "Wato naku da namu kokawa suke a kan furena."

"Naku ma ai yana shiga namu, malam."

Haka Yaya ma ya ce da na koma gida. Gaskiya ce, amma su fili guda, mu 'yan fangali. Kuma zumar tasu ce.

Irin da munka ɗiba a shekaran nan ya fito gauraye. Wata ja, wata kamar an wanke ta, kai ƙato, ciki ruwa. Yaya ya ji daɗi, wai ta fi cika buhu. Ruwan sama bai yi nisa ba rumbu ya fara wari. Na sa hannu, yatsuna sunka nutse.

Na hau mota zuwa Rimawa wurin gwaggonmu, wadda ta tahi da irin tun aurenta. Ta kwance wani tsumma ta ɗiba mani tafi ɗaya, ta ce, "Ka ba yayanka rabi."

Na ce to.

Ban ba shi ba. Na samu wani ɗan fili wajen Kagara, nesa da kanal, inda sai da rijiya da guga. Bayana ya gaya mani, amma albasar ta fito ja, mai sa hawaye, irin ta Baba.

Yaya ya zo har can, ya tsaya a kan kunya yana kallo.

"Ƙanena, a ɗiba mani."

"Ina za ka dasa?"

"A gonar gida mana."

"Jikin amya? A'a, Yaya. Ka zo nan ka ja guga, mu raba albasa. Iri kam ba ya barin wurin nan."

Ya ce ni ne na farko a zuriyarmu da ya hana ɗan'uwansa iri. Ban musa ba. Ya kaɗa rigarsa ya tahi, har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta masallaci.

Kamfanin na nan, na ji ma yanzu a leda suke rufe irin, da sunansu a jiki. Ni in albasata ta fara fure sai in lulluɓe kawunan da tsohon gidan sauro, in riƙa shafa su da hannu. In na ga zuma na shawagi, nakan tsaya in ga ta ina ta fito.