Malamin da Ya Koyar da Ido, Ya Rasa Nasa

Shekara tara ke nan da muka binne yayana, Malam Habibu, a maƙabartar ƙauyenmu da ke gefen Tofa. Har yau idan aka yanka ragon layya aka zo kan kai, barin wurin nake yi.

Malamin kimiyya ne a sakandare. Kowace Babbar Sallah sai ya roƙi Inna, mahaifiyarmu, ta bar masa idon rago. Ya tara mu a zaure, ya tsaga shi da reza. Ya nuna mana fatar gaba mai kama da gilashi, da ƙwayar ciki mai tattara haske, da shimfiɗar baya inda hoto ke sauka. Daga ƙarshe ya ɗaga wani farin zare da ke bayan idon ya ce, "Wannan jijiyar ce 'yar aike. Ido karɓa kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke gani."

Ciwon nasa bai zo da zafi ba. Ya fara karo da gefen ƙofa. Wata rana a gonar gero ɗansa ya tsaya daf da kafaɗarsa yana miƙo masa fartanya, bai gan shi ba. A asibiti a Kano likita ya ce hawan jinin ido ne: ruwan da ke cikin ido ya daina samun hanyar fita, ya taru yana danne jijiyar nan. Abin da ya mutu ya mutu, magani sai dai ya rage gudun sauran.

Inna ba ta yarda ba. Maƙwabciyarmu an cire mata yana ta dawo tana zura zare a allura, don haka ta dage a kai shi a yi masa irin aikin. Ya riƙe hannunta ya ce, "Inna, yana labule ce, ana yaye ta. Ni tawa hanyar ce ta yanke."

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya ya sani sarai, amma sanin bai toshe komai ba. Duniya ta riƙa tsuke masa daga gefe, har ya ce da ni kamar yana leƙenmu ta cikin kara yake. Ina ɗiga masa magani safe da yamma, ina kallon idanunsa farare tas, ba ja ba kwantsa, na rasa abin da zan yi wa faɗa. Ya bar aji. Bayan 'yan shekaru zazzaɓi ya ɗauke shi.

Da zai dawo yau, da ya ji ana shelar aikin ido kyauta a lasifika, ya ga ɗalibansa sun zama ma'aikatan jinya. Na san zai yi murna. Na kuma san tambayar da zai fara yi: an samo abin da ke tayar da matacciyar jijiya? Da sai mu sunkuyar da kai.

Kafin ya rasu ya sa muka yi alkawarin auna ido duk shekara, domin ciwon yana bin jini. A bara awon ya kama 'yarsa Rumasa'u, tana goyon ɗanta na fari. Likita ya ce an zo da wuri, amma bai yi mana alkawarin komai ba.

A hanyarmu ta dawowa ta tambaye ni, "Gwaggo, zan ga auren yaron nan kuwa?"

Na ce, "In Allah ya yarda."

Abin da Yaya ya bar mata ke nan: ciwon, da kuma gargaɗin da ya sa aka tare shi tun yana bakin ƙofa. Wanne zai rinjayi wani, Allah kaɗai ya sani. Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya haskaka kabarinka. Rumasa'u dai har safiyar yau tana ganin ɗanta.