Shekarun da Na Koyar da Diril a Fadama

Shekarata goma sha tara lokacin da na gama makarantar horon malamai, aka tura ni wata elementare a wani ƙauye da ke kan hanyar Guri. Zamanin Turawa ne, yaƙin Bama bai daɗe da ƙarewa ba. Ni ɗan cikin garin Haɗeja ne, mahaifina maɗinki. Kogi kuwa daga gaɓa kawai na san shi, don mahaifiyata ta hana mu shiga ruwa tun muna ƙanana, kuma mun ji maganarta.

Ƙauyen yana bisa wani tudu, fadama ta kewaye shi ta gefe uku. Makarantar aji biyu ce ta ginin ƙasa, mu ma malaman mu biyu ne: ni da babban malami, wani dattijo mai ciwon gwiwa wanda ya daɗe a garin har ya yi gona. Ranar da na isa ya buɗe akwatin makaranta, ya ɗauko usur da wani ɗan littafin Turanci mai zanen mutane kamar tsinke, wasu sun ɗaga hannu, wasu sun sunkuya.

"Ga naka," in ji shi. "Diril, kullum da safe bayan darasin farko. Na gode Allah da ya kawo mini mai ƙafa."

Diril shi ne motsa jiki na makaranta, a jera yara layi-layi, su miƙe, su tanƙwara, su yi tsalle bisa umarni. A makarantar horo an koya mana amfaninsa, na kuma haddace: yana miƙar da baya, yana buɗe ƙirji, yana sa jini gudu, yana wartsake yaro don ya fahimci karatu. Na yarda da wannan duka, kamar yadda na yarda da lissafi.

Washegari na fitar da yaran filin da ke gaban aji, na jera su, na busa usur. Na ce a ɗaga hannu sama, aka ɗaga. Na ce a sunkuya a taɓa yatsun ƙafa, aka taɓa. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi wasa. Fuskokinsu a ɗaure, wasu ƙananan yaran ma idonsu ya kawo ƙwalla. Da muka gama, babban cikinsu ya matso ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, me muka yi?"

Ban gane tambayar ba sai da ya maimaita. Ashe sun ɗauka horo ne. Sabon malami ya zo, bai ce musu komai ba, ya fitar da su rana yana sa su tsallen kwaɗo. Na ce ba laifin kowa, wannan don lafiyar jikinsu ne. Ya ce to, ya koma wurin 'yan'uwansa, na ji yana gaya musu cewa Malam ya ce ya yafe.

A hankali na san yadda safiyarsu take. Kafin su zo makaranta wasu sun tuƙa kwalekwale sun taya iyayensu duba ragar da aka kafa, wasu sun ɗebo ruwa tulu huɗu, wasu sun yi korar tsuntsu a gonar shinkafa da gudu da ihu tun fitowar rana. Da yawansu kunu kaɗai suka sha. Sai su zauna a aji su ɗan huta, ni kuma in tashe su in ce lokacin motsa jiki ya yi. Na duba littafin ko akwai inda ya yi maganar yaron da ya riga ya gaji, ban samu ba. Na kai wa babban malami damuwata.

"Yana cikin jadawali?" ya tambaye ni.

"Yana ciki."

"To ka yi. Ni ma na yi shekara da shekaru ina yi, ban ga wanda ya mutu ba."

Ba a yi wata guda ba yara suka fara raguwa. Ranar wata Laraba dattawa uku suka zo makaranta, suka zauna a inuwar tsamiya, aka gaisa. Ɗayansu ya ce sun ga abin da ake yi da safe. Ya ce akwai mutumin garin da ya dawo daga Bama, ya tsaya bakin fili ya kalla, ya ce wallahi da haka aka fara musu, hagu da dama, da usur. Suna so a gaya musu gaskiya: yaushe za a zo a kwashe yaran?

Na rantse ba maganar soja. Na karanto musu abin da na haddace, baya da ƙirji da gudun jini. Suka saurara da kyau. Wanda ya fi tsufa ya ce:

"Malam, wane ne ba shi da lafiya a cikinsu? Ka faɗa mana mu nema masa magani."

Na ce duk lafiyarsu ƙalau, ana yi ne don kada su rasa ta. Ya dubi sauran biyun. Ɗaya ya ce wani abu da Barbarci, suka gyaɗa kai, suka yi godiya suka tafi. Har yau ban san abin da ya ce ba. Amma mako na zagayowa yawancin yaran suka dawo, ban kuma san dalilin dawowar tasu ba.

Akwai wani yaro a ajina, ɗan masunci, mai kimanin shekara goma sha ɗaya. Shan inna ya taɓa ƙafarsa ta hagu, ta shanye ta zama siririya, yana tafiya da sanda. A kan irinsa littafin ya yi magana sarai: yaro mai naƙasa a keɓe shi ya huta. Don haka kullum in an fita diril sai in ce ya zauna gindin tsamiya. Ina ganin tausayi nake yi masa.

Wata rana bayan la'asar mahaifinsa ya zo masaukina. Dogo ne, baƙi, hannuwansa duk tabon igiya. Na ɗauka shi ma maganar soja ce ta kawo shi, na fara shirya jawabina.

"Malam," ya ce, "me ya sa ba ka sa nawa a layi?"

Na ce, "Baba, ai saboda ƙafarsa."

"Ƙafarsa ta kawo maka ƙara?"

Na ce ai wasu iyayen ma kuka suke da abin.

"Ni ma ban so abin nan naku ba," in ji shi. "Ban ga amfaninsa ba. Amma in abin da ake yi wa yaran gari ne, to a yi wa nawa. Ka zo bakin ruwa ranar Juma'a bayan an sauko."

Na je. Yaran makarantata suna can kusan dukansu, tsirara wasu, wasu da bante. Yaron ya jingina sandarsa a jikin kwalekwale, ya ja jiki ya shiga. Da ruwa ya kai masa ƙirji sai ya zama wani mutum daban. Ya ƙetare zuwa wancan hayi ya dawo, ya bar manyan da suka fi shi shekaru a baya. Ya nutse, na ƙirga a zuciyata har na fara tsorata, sai ga shi ya ɓullo can nesa yana dariya. Sannan ya hau babban goran da masunta ke kwanciya a kai in suna su, ya riƙa juya shi da hannu ɗaya. Na lura da kafaɗunsa a karo na farko. Babu yaro mai irin ƙirjinsa a makarantar, ni kaina ban kai shi ba. Mahaifin kuwa yana ta gyaran ragarsa.

Ranar Litinin na sa shi a layi. Ɗaga hannu da juya wuya duk ya yi. Da aka zo tsalle ya faɗi. Ya tashi, ya sake faɗuwa. Yaran ba su ko waiwaya ba, na kusa da shi ya miƙa masa sandar, aka ci gaba. Ni ne gumi ya karyo wa. Kullum sai ya faɗi sau biyu ko uku, kullum sai in ce gobe zan mai da shi gindin tsamiya, in gobe ta yi sai in gan shi ya riga kowa tsayawa a layi, in kasa.

Ƙarshen damina ruwa ya iso, kamar yadda yake isowa duk shekara. Fadama ta cika, hanya ta yanke, filinmu ya zama tafki har gwiwa. A makon ne saƙo ya zo cewa Baturen da ke duba makarantu zai zo. Motarsa ta tsaya inda hanya ta ƙare, aka ɗauko shi a kwalekwale, yara suna iyo a gefensa ta kowane ɓangare. Matashi ne mai jan wuya, yana jin Hausa irin ta littafi. Ya duba rajista, ya saurari karatu, ya ce yana son ganin diril.

Busasshen wurin da ya rage wani ɗan siririn tudu ne a bayan aji. Na jera su layi ɗaya dogo, na busa usur, muka fara. Da aka zo tsalle yaron nan ya faɗi. Bature ya ɗaga hannu.

"Malam, don me gurgu yana cikin layi? Ba ka karanta littafi ba?"

"Na karanta, ranka ya daɗe. Ubansa ne ya ce a sa shi."

"Uba ne malami, ko kai?"

Na tabbata aikina ya ƙare. Sai ya juya yana kallon ruwan da ya cinye filinmu, ya daɗe yana kallo. Ya ce a ƙasarsu ana gina tafki da kuɗi masu yawa don yara su koyi iyo, babu motsa jikin da ya kai shi. Ga shi mu Allah ya kawo mana har ƙofar aji, muna tsalle a kan tudu kamar awaki. Ya ce in kai su ruwa in nuna masa yadda nake koya musu.

Na dubi babban malami, ya sunkuyar da kai yana shafa gwiwarsa. Na kasa cewa ban iya iyo ba. Muka gangara bakin ruwa, na tsaya a gaɓa da takalmina, na busa usur. Kafin in ce komai sun faɗa ciki. Na sake busawa, don ban san abin da zan yi ba, su kuma suka juyo, wataƙila sun ɗauka abin da nake nufi ke nan. Haka muka yi ta yi, in busa su tafi, in busa su dawo, ɗan masuncin nan a gaba kowane zuwa. Bature ya yi ta tafa hannu. Ya ce bai taɓa ganin malamin da yara ke bin umarninsa a ruwa haka ba. Ya tambayi wane ne yaron da ke gaba, na ce wanda ya faɗi ɗazu ne. Ya ce a'a, ba shi ba ne. Bai yarda ba sai da yaron ya fito ya ɗauki sandarsa.

Bayan mako uku takarda ta zo daga Haɗeja. An yaba mini, an ce daga yanzu a riƙa yin darasin iyo sau biyu a mako muddin akwai ruwa. Babban malami ya karanta ya ce, "Madalla, ka yi suna." Ba mu kai ga farawa ba, sai ga wata takardar, ita kuma daga wajen likita, zuwa ga duk makarantun fadama. Ta ce ruwan kwance shi ke kawo tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini, don haka malamai su hana ɗalibai shiga ruwa, su kuma hori wanda suka kama. Na san rabin ajina suna fitsarin jini. Mutanen garin ba su ɗauke shi ciwo ba, cewa suke alamar yaro ya fara girma ce.

Na shimfiɗa takardun biyu a kan tebur, na tambayi babban malami wacce za mu bi.

"Duk biyun da hatimi?"

"Da hatimi."

Ya juya su gaba da baya. "Ka kafe su a bango, ɗaya kusa da ɗaya. Wanda ya zo ka nuna masa tasa."

Abin da na yi ke nan. Da safe in yi musu bayanin tsutsar da ke cikin ruwa, su ce to, Malam. Da rana a tashi, in hango su daga tagar aji suna tuɓe riga a gaɓa, don ta ruwan ne hanyar gidan wasunsu. Ban taɓa horon kowa ba, ban kuma taɓa yin darasin iyo ba. Da ruwa ya janye muka koma filinmu.

Shekara biyu na yi a ƙauyen aka mai da ni makarantar garin Malam Madori. Lokacin ruwa ne kuma, mahaifin yaron nan ne ya ɗauke ni da akwatina a kwalekwalensa zuwa bakin hanya. Muna tsakiyar fadama ya ce:

"To Malam, abin ya yi? Sun ƙara lafiya?"

Na so in karanto masa haddata, amma na ce, "Wallahi Baba ban sani ba."

Ya tura gorar tuƙinsa sau biyu kafin ya sake magana. Ya ce nasa dai ya addabe su a gida. Kullum da yamma sai ya jera ƙannensa mata a tsakar gida, ya yi fito da baki, ya sa su ɗaga hannu da sunkuyawa. Har kakarsu ta shiga, ta ce tun da ta fara bayanta ya daina yi mata ciwo in ta tashi daga daka.

"Ko abin na tsofaffi ne, kuka ba yara?" ya ce.

Na ce mai yiwuwa ne. Muka iso gaɓa, ya ɗora mini akwatin a ka, ya yi mini addu'a, ya juya kwalekwalensa.